Lungun Bayan Tasha: Nazarin Yadda Aka Tunkari Shaye-Shayen Bakin Titi a Tsakiyar Maraɗi

Lungun da wannan nazari ya shafa yana tsakiyar birnin Maraɗi, tsakanin katangar wata tashar mota da layin shagunan da ke gangarawa wajen babbar kasuwa, kuma tsawonsa bai wuce abin da mutum zai taka cikin minti uku ba. Ba zan ambaci sunansa ba, haka ma sunayen mutanen da abin ya shafa, domin dukansu suna nan da ransu, wasunsu kuma iyaye ne da har yau suke jin nauyin abin da ya sami 'ya'yansu. Ni malamin makaranta ne, ƙofar gidana a cikin lungun take, kuma ni aka ɗora wa riƙe littafin kwamitin unguwa tun ranar da aka kafa shi. Saboda haka abin da zan kawo a nan, ko dai na gan shi da idona, ko kuwa na rubuta shi da hannuna a lokacin da ake faɗarsa.

Duk wanda ya san tsakiyar Maraɗi ya san irin wannan lungu. A bakinsa akwai mai shayi da mai tsire, a tsakiya akwai ƙaramin masallacin da muke salloli biyar da makarantar Islamiyya ta dare, sai gidajen haya masu ɗakuna a jere inda fatake da ƙananan ma'aikata da 'yan ci-rani ke zaune da iyalansu. A can ƙarshe, inda lungun ya ɓulle wa katangar tasha, akwai wata mashaya mai takardar izini, mai ƙofar ƙarfe da doguwar katanga, wadda ta riga yawancin 'yan hayar zuwa wurin. Ranakun Litinin da Juma'a, da kasuwa ke ci, lungun yakan cika da 'yan dako da masu kura da 'yan kabu-kabu tun hantsi har bayan isha'i. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka da mashayar nan ba don muna so ba, amma ba ta cika hana mu barci ba, domin masu shigarta mutane ne masu albashi ko masu jari, da ke shiga da sanɗa su fito da sanɗa, ba su son idon sani ya gan su.

Yadda abin ya soma

Al'amarin ya sauya ne a daminar 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO (ECOWAS), ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi a ranar 30 ga watan, aka rufe iyaka, kuma cikin 'yan kwanaki Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa ƙasar. Garin da numfashinsa ke rataye da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina dole ya ji wannan a jikinsa fiye da sauran garuruwa. Motocin da ake lodi a tasha suka ragu, 'yan kamasho da 'yan dako da yaran mota suka wayi gari hannu rabbana, da dare kuwa lungun ya koma baƙi ƙirin, sai dai hasken fitilar mai shayi. Ban ce rufe iyaka ne ya haifi shaye-shaye ba, domin ƙwayar tramol ta daɗe a aljihun 'yan dako da 'yan kabu-kabu tun kafin wannan lokaci, suna shanta da sunan ƙarin ƙarfin aiki. Abin da ya canza shi ne, matasan da a da suke sha su tafi nema, yanzu suna sha su zauna, duhu kuma ya ba su wurin zama.

Wani abu da mu kanmu muka ɗauki watanni kafin mu gane shi ne cewa abin da ake sha a kan bencinan lungun ba daga mashayar yake fitowa ba. Kwalbar giya ta fi ƙarfin aljihun ɗan dakon da ya yini bai ɗauki kaya ba. Abin da suke saye wata barasa ce mai zafi da ke zuwa cikin ƙananan ledoji da 'yan kwalaben roba, wadda kuɗinta bai kai na shayi da burodi ba, ana ɓoye ta a ƙarƙashin teburin tireda, bayan kwalayen ashana da alawa da sigari. A kan wannan suke ɗora tramol, ba kuma irin mai miligiram 50 ko 100 da likita ke rubuta wa mai ciwo ba, mai 200 ko 225 ce da ake shigowa da ita ta bayan fage. Ƙananan yaran da ko wannan ba su iya saye kuwa, sholisho suke shaƙa a tsumma. Haɗuwar barasa da tramol mai yawa tana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, tana kuma iya danne numfashi har ya tsaya, kuma ba a takarda kaɗai na san haka ba.

Wata asuba cikin hunturu ladaninmu ya ƙwanƙwasa mini ƙofa kafin kiran salla, ya ce in fito da tocila. A bakin masallaci, daidai inda ake jera butoci, wani saurayi ne kwance a kan haƙarƙarinsa, kumfa a bakinsa, haƙora sun datse, ƙafarsa ɗaya tana karkarwa, takalminsa guda can cikin kwata. Da na haska fuskarsa sai na gane shi. Yaro ne da na koyar a ajin ƙarshe na firamare, ɗan wata bazawara mai tuyar ƙosai, wanda a zamaninsa babu mai kama ƙafarsa a lissafi. Muka ɗora shi a adaidaita muka kai shi asibiti. Da ya farfaɗo wajen hantsi ya gan ni zaune a gefen gado, abin da ya fara fitowa daga bakinsa, da sunan da ake kiran malamin makaranta a nan, shi ne, "Mushe, don Allah kada ka gaya wa Inna." Ita kuwa tana tsaye a bayan ƙofa da bokitin ƙosan da ba ta sayar ba, ta ji komai.

Kafin wannan asuba, koke-koke sun riga sun taru. Kullum safiya sai an share ledojin barasa daga ƙofar makarantar Islamiyya, bangon masallaci ya koma wurin fitsari, 'yan mata masu zuwa karatun dare suna shan baƙaƙen maganganu har wasu iyaye suka hana 'ya'yansu fita bayan magariba, an yi faɗa da fasasshiyar kwalba, wani ɗan kabu-kabu kuma ya banke dattijo mai dawowa daga isha'i ya karya masa hannu.

Abin da doka ta ce

A taron farko da muka yi a zauren mai unguwa, kusan kowa ya zo da tunanin cewa hukuma za ta iya rufe mashayar da kalma ɗaya. Wannan tunani yana da mafari, domin a tsallaken iyaka haka abin yake. Zamfara ta shelanta shari'a a ƙarshen 1999, Katsina ta bi sahu a 2000, kuma mutanenmu masu zirga-zirga zuwa Kano sun sha jin yadda Hisba ke farfasa kwalaben giya a bainar jama'a. Amma Maraɗi a Nijar take, kuma a Nijar sayar wa baligi giya a wurin da ke da izini ba laifi ba ne a gaban doka, komai ƙin da zuciyar Musulmi ke yi masa. Abin da kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka yi wa gyara a 2003, ya haramta a lokacin shi ne a sami mutum cikin maye ƙuru-ƙuru a kan titi ko wurin taruwar jama'a, da kuma mai mashaya ya ba ƙaramin yaro giya ko ya ƙara wa wanda ya riga ya bugu. Ƙwayoyi kuwa suna ƙarƙashin dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi mai lamba 99-42 ta watan Satumban 1999, kuma akwai ofishin 'yan sanda na musamman, OCRTIS, da ke bin sawun masu safararsu. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ita kuma ta ɗora wa magajin gari kula da tsabta da kwanciyar hankali a tituna.

Ke nan abubuwa uku ne a lungunmu, kowanne da hukuncinsa da hukumar da ke da hurumi a kansa: mashaya mai izini da za a iya tilasta mata bin ƙa'ida, 'yan tireda biyu masu sayar da barasa da ƙwaya ba izini, da matasa masu sha a fili. Mu mun cure su wuri guda muka kira su 'yan giya, kuma da takardar kokenmu ta isa ga hukuma, ita ma haka ta ɗauke su.

Samame

Amsar farko da muka samu ita ce samame. Wani dare, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, motar 'yan sanda ta toshe bakin lungu, wasu jami'an suka ɓullo ta wajen tasha, aka kwashe duk wanda aka tarar a kan benci. Na tsaya a ƙofar gidana ina kallo, kuma ba zan ɓoye ba, a wannan daren na ji sanyi a raina. Da safe ne na fara ganin inda gizo ke saƙa. Cikin waɗanda aka kwashe akwai yaron mai shayi da ke wanke kofuna, akwai wani matafiyi da ke jiran motar asuba, akwai kuma samari biyu da ko sigari ba su sha, sun zo kallon ƙwallo ne a wayar abokinsu. 'Yan tiredar nan biyu kuwa babu ko ɗayansu, domin tun kafin motar ta karyo kwana wani yaro ya yi fito daga bakin titi, suka kife teburi suka shige gidan haya.

Dokar Nijar ta ba 'yan sanda damar tsare mutum awa 48 don bincike, tare da yiwuwar ƙarawa idan mai gabatar da ƙara ya amince. A aikace, yawancin waɗanda aka kama sun dawo gida kafin cikar wannan wa'adi, bayan iyayensu sun yini a ƙofar ofishi suna roƙo. Ban ga laifin jami'an a wannan ba. Da gari ya waye mayen ya sake su, babu ƙwaya a aljihunsu domin sun haɗiye ta tun dare, babu kuma mazaunin lungun da ya yarda ya je ya tsaya shaida a kan ɗan maƙwabcinsa. Ko da an gurfanar da su duka, gidan kaso ba zai mai da mashayin tramol mutumin kirki ba, sai dai ya haɗa shi da waɗanda suka fi shi gogewa.

Sau uku aka yi irin wannan samame, kuma kowane karo abu ɗaya ne ya biyo baya: lungun ya yi tsit na kwana shida ko bakwai, sannan bencina su dawo ɗaya bayan ɗaya. Sai dai abin da ya dawo bayan samame na biyu ya fi na da muni, domin yanzu akwai gaba. Matasan suka soma neman wanda ya kai ƙararsu. Aka yi ta jifan kwanon gidan liman cikin dare, aka zubar wa mai shayi da tukunya bisa zargin shi ne ɗan leƙen asiri, ni ma ɗalibaina na da suka daina gaishe ni. Wasu samarin da ba su da hannu a shaye-shayen, amma aka kwana da su a tsare, sun fito suna ganin cewa da mai laifi da marar laifi duk ɗaya ne a wurin hukuma, kuma biyu daga cikinsu sun koma zama da 'yan bencin gaba ɗaya. A ganina, babban aibin samame shi ne yana kama wanda ya fi kowa rauni a cikin sarƙar, wato wanda maye ya hana shi gudu, ya bar wanda ke cin riba. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ranar da aka so cinna wuta

Wannan ne sashen da ya fi tayar mini da hankali, kuma shi ya sa na ga wajibi ne a rubuta lamarin. Bayan da mutane suka ga samame bai yi magani ba, sai magana ta fara yawo a majalisu cewa tunda hukuma ta gaza, jama'a za su yi da hannunsu. Wata Juma'a bayan sallar la'asar wasu samari masu zafin kishin addini suka taru a ƙofar masallaci, ɗaya riƙe da galan ɗin fetur irin wanda ake sayarwa a bakin titi, suna cewa a je a ƙona gidan giya kowa ya huta. Mai mashayar mace ce Kirista, asalinta daga ƙasashen bakin teku, amma ta yi shekaru masu yawa a Maraɗi, 'ya'yanta a nan aka haife su, Hausa suke yi kamar kowa, kuma ɗakin kwanansu a bayan mashayar yake.

Maraɗi ta san wannan hanya, ta kuma san inda take ɓullewa. A watan Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a kusa da Yamai, an kai wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da rumfunan caca hari a garin nan, kuma wutar ba ta tsaya nan ba sai da ta kai ga majami'u. A Janairun 2015, a tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, an sake ƙona mashaya da majami'u a Damagaram da Yamai, an yi asarar rayuka. Mai unguwarmu ya ga ta 2000 da idonsa. Ya fito da sandarsa ya tsaya a tsakiyar lungu, tsakanin samarin da ƙofar ƙarfen, ya ce da mai galan ɗin, "Ɗana, ajiye. Katangar gidan nan ɗaya ce da ta gidan hayar da ƙanwarka ke aure. Wuta ba ta tambayar addinin mai ɗaki." Liman ya zo ya tsaya kusa da shi, ya ce shan giya haramun ne babu ja, amma ba a ba kowane mutum ikon zartar da hukunci da hannunsa ba. Suka watse suna gunaguni.

Ban wanke mai mashayar tas ba. Tana sakin kiɗa har lokacin salla, tana wuce lokacin rufewa, kuma yaranta kan miƙa kwalba ta kafar ƙofa ga mai son sha a waje. Amma da an ƙona gidanta a wannan rana, ko leda ɗaya ba za ta ragu a ƙarƙashin teburin tireda ba, kuma da yanzu muna maganar gawa ne. Abin da na ɗauka daga wannan yammaci shi ne cewa hukumar da ke zuwa cikin mota da tsakar dare ta tafi kafin asuba tana barin gurbi a sauran awoyin, kuma akwai masu jiran cike wannan gurbi da fetur.

Zaman zaure

Washegari mai unguwa ya ɗauke ni muka je muka ga wani babban jami'in 'yan sanda, muka gaya masa abin da ya kusa faruwa. Ya saurara har muka gama, sannan ya ce zai zo da kansa, da rana, ba da mota ba. Ya cika alkawari. Aka zauna a zauren mai unguwa: shi, da liman, da wakili daga ma'aikatar magajin gari, da shugaban 'yan kabu-kabun tasha, da shugaban fadar samarin lungun, wato majalisar da suke zaman hira da shan shayi, da mai mashayar, wadda wasu suka so a hana ta shiga amma mai unguwa ya ce ba a aske wa mutum kai a bayan idonsa. A karo na farko kuma aka kira mata uku daga gidajen haya.

Jami'in bai nemi sunayen masu sha ba. Tambayarsa ita ce, daga ina kayan ke shigowa, kuma da wane lokaci. Maza muka yi shiru, domin gaskiya ba mu sani ba. Sai wata Hajiya mai tuwon sayarwa, wadda rumfarta ke kallon teburan tireda tun safe har dare, ta gyara lulluɓi ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ba da dare ake kawowa ba. Bayan azahar ne, lokacin da kuke barci. Mai babur ne da kwalin burodi a baya, burodin na sama, kayan na ƙasa." Matan lungun sun daɗe da sanin haka, sun san ranakun da yake zuwa, sun san yaran da ake aika su kai wa manya. Wata biyar muna taro muna rubuta takardu, babu wanda ya tambaye su. Wannan laifin kwamitinmu ne, kuma na rubuta shi haka a littafi.

Daga wannan zama aka fitar da yarjejeniya, na rubuta ta da Hausa da Faransanci, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Mai mashayar ta yarda ta daina miƙa kwalba waje, ta kashe kiɗa a lokutan salla, ta rufe ƙofa a kan ƙa'ida, kuma an gaya mata a gaban kowa cewa saɓa wannan zai iya jawo mata rasa izini, kamar yadda aka gaya wa kowa cewa taɓa gidanta laifi ne da za a hukunta. Mazauna lungun muka yi karo-karo muka sayi fitila mai aiki da hasken rana, aka kafa ta daidai inda duhu ya fi yawa. Ba a kori fadar samarin ba. An mai da bencinansu ƙarƙashin fitilar, aka bar musu butar shayinsu da kartarsu, bisa sharaɗin cewa shugabansu ne zai fara hana duk mai fito da leda. Jami'in kuma ya yi alkawarin turo 'yan sanda biyu da ƙafa, a lokutan da ba a sani ba tsakanin magariba da tsakar dare, su ratsa lungun, su gaisa da mutane, su wuce.

Wannan sintiri na ƙafa ya fi ba ni mamaki fiye da komai. Da farko samari kan tashi da gudu idan sun hango kaki, amma da suka ga ba kama kowa ake yi ba sai suka daina. Cikin 'yan makonni jami'an nan biyu sun san wane ne yaron mai shayi, wane ne matafiyi, wane ne kuma wanda idonsa ya juya. Wanda aka samu cikin maye, idan bai yi wa kowa ɓarna ba, akan kira babansa ko wansa a damƙa masa shi a gaban mai unguwa, sai wanda ya maimaita ko ya zare makami ne ake tafiya da shi. Mai babur ɗin kuwa, an tare shi wata rana bayan azahar da kwalinsa, aka sami ƙwayoyi a ƙarƙashin burodin kamar yadda Hajiya ta faɗa, aka miƙa shi ga masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi tare da ɗaya daga cikin 'yan tiredar. Ɗayan ya tattara teburinsa ya bar lungun cikin dare.

Abin da ya gyaru da abin da bai gyaru ba

Lungun ya lafa. 'Yan mata sun koma karatun dare, ladan ya daina wanke bangon masallaci kowace asuba, kuma jifan kwano ya tsaya. Amma adalci ya sa in faɗi cewa ba yarjejeniyarmu kaɗai ta yi wannan aiki ba. CEDEAO ta ɗage takunkumi a ƙarshen Fabrairun 2024, a watan Maris aka buɗe iyaka da Najeriya, wuta ta dawo, lodi ya farfaɗo a tasha, kuma a cikin wannan watan ne azumi ya kama, lokacin da ko a shekarun baya bencina kan yi sauƙi. Samari da yawa sun bar zaman lungu ne kawai saboda sun sami abin yi. Duk da haka, ina da yaƙinin cewa ba don an toshe hanyar kayan ba, da dawowar kuɗi a aljihunsu ƙara ciniki za ta yi wa teburin tireda.

Tsarin kuma ya nuna rauninsa da wuri, domin a kan mutane aka gina shi. A watan Afrilun 2024 gwamnati ta rushe majalisun ƙananan hukumomi ta naɗa shugabannin riƙo, wakilin da ya sa hannu a takardarmu ya tafi da alkawarin gyara kwata da ƙara fitila ta biyu, dole muka sake gabatar da kanmu daga farko. Daga baya aka yi wa jami'in nan sauyin wurin aiki, sintirin ƙafa ya ragu daga kusan kullum zuwa jefi-jefi. Na fahimci dalili, domin yankin Maraɗi yana fama da 'yan bindiga masu satar mutane da shanu a kan iyaka, wajen Madarunfa da Gidan Rumji, kuma jami'an tsaro ba su wadatar ba. Abin da ya riƙe lungun tun daga nan shi ne fitilar, da idon matan gidajen haya, da shugaban fada wanda ya ɗauki abin da muhimmanci fiye da yadda na zata.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci. Cinikin bai mutu ba, ƙaura ya yi. Ɗan tiredar da ya gudu ya kafa teburinsa a bayan gari, wajen wasu kangaye da ba a gama ginawa ba, inda mazauna baƙi ne, talakawa, ba su da kwamiti, ba su da malamin da zai rubuta musu takarda da Faransanci. Mun share ƙofarmu, sharar ta koma ƙofar waɗanda ba su da bakin magana, kuma duk lokacin da wani ya yaba mana a kan yadda lungunmu ya gyaru, wannan ne ke faɗo mini a rai.

Mafi nauyi shi ne batun waɗanda ƙwayar ta riga ta kama jikinsu. Ɗan sanda zai iya hana mutum sha a ƙofar masallaci, amma ba zai iya cire masa ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barcin da ke taso masa idan ya kwana biyu bai sha ba. A asibiti an yi wa ɗalibina maganin jijjigar, aka sallame shi da shawarar ya daina, kuma ba a daina tramol da shawara. 'Yan uwan mahaifiyarsa sun matsa a kai shi gidan mari a tsallaken iyaka. Na hana iya ƙarfina, na tuna musu abin da aka gani a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Suka ce to in kawo wata hanya. Abin da na iya kawowa shi ne wani ma'aikacin lafiya da ya yarda ya riƙa ganinsa yana bin lafiyarsa, da kuma shugaban 'yan lodi da ya karɓe shi aiki bisa amanata.

Yaron ya yi wata uku lafiya, har ya yi ƙiba, ya saya wa mahaifiyarsa sabon kaskon tuya. Daga baya aka fara ganinsa da yamma yana hawa kabu-kabu zuwa wajen kangayen nan. Yanzu yakan yi mako yana aiki, ya ɓace kwana biyu, ya dawo idanu jajur ya ɗauki buhu kamar ba abin da ya faru. A zaman kwamiti na baya-bayan nan mun amince mu je mu ga mai unguwar wancan gefen, mu kai masa kwafin yarjejeniyarmu, mu kuma roƙi Hajiya mai tuwo ta raka mu don ta yi magana da matan wurin. Mahaifiyar yaron ta ji labari, ta tare ni a bakin lungu da safe tana juya ƙosai, ta ce, "Mushe, in za ku tafi ku gaya mini, ni ma zan bi ku. Na san ɗakin da yake kwana."